Garar da Uwa Ta Yi wa Tsohon Surukinta

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a cikin birnin Kano, in dai ya san ciwon kansa, ya san ƙofar gidan Uwa mai alkaki a Mandawari. Babu allo a ƙofar, babu rubutu. Ƙamshin man gyaɗa da tsamiya ne yake tare mutum tun daga bakin lungu, ya ja shi har cikin zaure.

A Koki aka haife ta. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, shi ya sa kowa a gidan yake sakayawa yana cewa Uwa, har sunan yankan ya ɓace. Kakar nan, wadda ake kira 'Yardada, ita ta riƙe ta, ita ta koya mata ɓarzar alkama, da kwaɓi, da barin kwaɓin ya kwana ya tashi, da naɗi, da suya, da tsoma alkaki cikin ruwan sukari mai tsamiya har ya sha ya ƙoshi. Da tsohuwar za ta rasu ta zare zobenta na azurfa mai jan dutse ta zura wa Uwa. Yanzu zoben ya nutse a yatsa, ko da sabulu ba ya fita.

Aure ne ya kawo ta Mandawari, gidan Malam Ɗalha tela. Allah ya karɓi abinsa 'ya'yansu suna ƙanana, kuma da kaskon suyar nan ta raine su, ba ta taɓa zuwa ƙofar wani da ƙoƙon bara ba. Abin da ta tara a duniya ba gida ba ne ba fili ba, suna ne. In mata suka buɗe kayan gara a gidan ango, wato kayan daɗin da dangin amarya suke kaiwa bayan biki, aka gutsuri alkaki aka ce "wannan na Uwa ne", to an gama magana, uwar amarya ta fita kunya.

Halinta kuwa, sai wanda ya zauna da ita. Uwa ba ta hayaniya, ba ta cacar baki a lungu. Ajiya take yi. Fushinta irin kwaɓin alkakinta ne, sai ya kwana yake tashi. Ga ta kuma da kunya irin ta mutanen da. Bahijja ce 'yarta ta fari, kuma tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "'yar nan". Mijin Bahijja kuwa, Mikail, mai gyaran wayoyi da kwamfuta, in ya yi sallama Uwa sai ta saki labule. Daga bayan labule suke gaisawa, shi a durƙushe a ƙofar ɗaki, ita tana amsawa ƙasa-ƙasa. Bai taɓa ganin tana cin abinci ba, ita kuma ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba.

To zamani ya zo ya same ta a gaban murhu. Manyan gidajen da suke sayen alkakinta 'ya'yansu sun watse, wasu sun fita bayan ganuwa sun yi gini, wasu suna Abuja, wasu ma sun haye ruwa. 'Yan matan yanzu kuma ba sa shiga lungu neman mai alkaki, waya suke dannawa. Sai a bugo a ce, "Baba Uwa, ba ki da shafi a intanet ne, mu ga kaya mu yi oda?" Tun tana cewa Allah ya sawwaƙe, har ta ga ciniki yana wuce ta yana tafiya wajen yaran da ko naɗi ba su iya ba. Ranar ta ce to, a yi mata shafin.

Hanya uku aka shimfiɗa mata. Bahijja ta ce akwai wanda mutum yake haɗa abinsa da kansa a waya. Suka gwada, hoton alkaki ya fito a kife, data ta ƙare, Uwa ta ce a rufa mata asiri. Sai Ikram, 'yar maƙwabtansu da ta yi karatun kwamfuta ta buɗe ɗan shago tana yi wa 'yan kasuwa irin wannan aiki. Ita biyanta ake yi, kuma ba ta ɓoye ba. Na ukun shi ne Mikail. Da labari ya je masa ta bakin matarsa, sai ga shi ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗaki.

"Haba Umma," in ji shi, "ina raye a ce kin biya bare? Ai abin kunya ne a gare ni. Ni zan yi miki, ko sisi ba sai kin kashe ba."

Daga bayan labule Uwa ta ce, "Allah ya yi albarka."

Ikram ba ta yi fushi ba da ta ji. Ta dai shigo ta zauna kusa da murhu ta ce, "Baba Uwa, ba don in samu aiki nake faɗa ba. Shafi kamar shago ne, yana da makulli. Ki tambaye shi da sunan wa zai yi rajista, lambar wa zai sa, kuma ki karɓi kalmar sirrin ki riƙe a hannunki."

Uwa ta dube ta kamar ta ce mata ta fita tsakar gida ba ɗankwali. "Ni in tsare surukina da tambaya? In ce masa ba ni makulli, kamar na kama ɓarawo? Ke yarinya, ba a haka a gidanmu."

Wallahi da ta san abin da kunyar nan za ta jawo mata, da ta yaye labulen tun ranar. Amma ina! Ko ta bakin Bahijja ba ta iya aika tambayar ba. Mikail ya turo aka ɗauki hotuna: ga alkaki jere a faranti yana ƙyalli, ga hannun Uwa yana naɗi, zoben 'Yardada ya fito raɗau. Fuska kam ta ce a kai kasuwa, ba za a ɗauka ba. Ya rubuta "Alkakin Uwa Mandawari" da manyan baƙaƙe. Da aka zo wajen lambar waya sai ya ce bai dace lambar dattijuwa tana yawo a duniya ba, kowane ɗan iska ya kira, bari ya sa tasa, shi zai riƙa karɓar oda yana miƙowa. Uwa har daɗi ta ji, ta ce yaron nan akwai hankali.

Kuma da farko abin ya yi kyau, kada a ci haƙƙinsa. Oda ta riƙa shigowa daga garuruwan da Uwa ba ta taɓa takawa ba, har sai da ta ƙara kasko. Ashe banza ba ta kai zomo kasuwa.

Auren Bahijja ya mutu. Abin da ya kashe shi tsakaninsu ne, ba shi ya tara mu ba. Ta dawo gida da jaririyarta Nana Khadija a baya, kuma tun daga makon nan oda ta ɗauke ɗif kamar ruwan famfo. Uwa ta ɗauka Mikail ya rufe shafin ne don haushi. Ta ce ba komai, wanda ya ba ka aron riga in ya karɓe abinsa ai bai yi laifi ba. Ta koma wa 'yan cinikinta na lungu.

Rannan tana cikin suya sai ga wata Hajiya da ta daɗe tana sayen kayanta, ta shigo ko zama ba ta yi ba. Ta kwance leda ta zube a gaban Uwa. Alkaki ne, ya yi fari-fari da fumfuna, yana warin tsohon mai.

"Uwa, tsufa ne ya kama ki, ko raini ne?" in ji Hajiyar. "Garar 'yata fa! A gaban dangin miji aka buɗe wannan abin. Da bakina na ce musu na Uwa ne, suka kwashe da dariya."

Uwa ta ce, "Wannan bai fito daga hannuna ba."

"To hannun wa ye wannan?" Hajiya ta danna waya ta miƙa mata. Ga shafi nan daram, ga sunanta, ga hannunta, ga zoben kakarta. Bahijja ce ta bi diddigi ta gano sauran: Mikail yana nan yana karɓar oda, yayarsa Maimuna ce take suya a Gwammaja, ana sayarwa da sunan Uwa.

Tirƙashi! Da kuɗi ya ɗauka, da Uwa ta bar shi da Allah. Amma sunan da ta gina tun tana budurwa, sunan da 'Yardada ta bar mata, shi ake shafa wa fumfuna ana aikawa gidajen mutane. Ranar ba ta yi kuka ba, ba ta ci abinci ba. Ta ƙarasa suyarta tsaf, ta wanke kasko, ta kife.

Ta aika ƙaninta Tanko ya sami Mikail a shago, cikin mutunci, ya ce ya cire sunan. Tanko ya dawo yana huci. Wai Mikail ko tashi bai yi ba, ya ce shafi da sunansa ya yi rajista, wahalarsa ce, kuma Uwa ai suna ne, kowane lungu a Kano akwai Uwa. Wai in tana da ja ta je inda za ta je.

"Haka ya ce?" in ji Uwa.

"Haka ya ce, Yaya. Ki bar ni in tara masa yara."

"A'a. Kada ka taɓa shi. Nawa ne."

Washegari ta yafa mayafi ta taka da ƙafarta har shagon Ikram. Ba ta jira an ce mata "ai na faɗa miki" ba, ita ta fara. "Kin faɗa, ban ji ba. Kunyar mara kunya asara ce, na yi asarar, ta ishe ni. Yanzu ki gina min nawa." Wannan karon Uwa ce mai tambaya. Da sunan wa? Da nata. Lambar wa? Tata. In ta ga dama gobe ta sallami Ikram ta ba wani, shafin zai bi ta? Zai bi ta. Kalmar sirri ita ta zaɓa, aka nuna mata inda za ta danna, ta sa Ikram ta juya baya, ta danna da yatsa ɗaya. Da aka faɗi kuɗin aiki, matar da take neman ragi ko a wajen mai gishiri ta ƙirga ta biya nan take.

Ikram ta ce, "Sai dai fa Baba, nasa ya riga naki tsufa. Duk wanda ya nemi sunanki, shi zai fara gani. Sai mutane sun san da sabon."

"Ke dai gina. Yadda za a sani, ki bar min."

Ita kanta a lokacin ba ta san yadda za a yi ba. Ta dai san Allah ba ya barci, ita ma kuma ba ta cika yi ba. Ta zauna tana jira, damina ta wuce, Nana Khadija ta fara rarrafe.

Sai ga Hajiya Zainab daga Koki, ƙawarta ta ƙuruciya, ta zo tana ta kewaye-kewaye, gaisuwa ta ƙi ƙarewa. Da ƙyar ta fito da maganar. 'Yar ƙaninta ce za ta yi aure, kuma angon, to, Mikail ne. Shi ya ce a bar wa yayarsa aikin alkakin gara, su kuwa suka ce Allah ya kiyaye. A sayi gara a gidan ango a mayar gidan ango? Ai sai a yi da su a gari. Gara daga hannun dangin amarya take fitowa, kuma su ba su san wani alkaki ba sai na Uwa.

"Na san da nauyi," in ji Zainab. "In kin ƙi ban ga laifinki ba. Amma na ce sana'a daban, abin da ya faru daban."

Wani sanyin daɗi ya ratsa Uwa tun daga ƙafa har ka, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka zube mata ledar nan. Ta yi murmushi. "Haba Zainabu, mene ne a ciki? Zan yi. Har ma in sauƙaƙa muku: zan ɗaura shi ƙulli-ƙulli a 'yan robobi, yadda in an kai sai rabo kawai, ba sai an sa hannu ba. Sai dai zan manna alamata a kan kowace roba, kamar yadda 'yan zamani suke yi."

"Manna mana! Ai abin alfahari ne."

Bahijja da ta ji sai ta fashe da kuka. "Umma, garar mutumin da ya sake ni za ki yi? Da hannunki?"

"Ke dai miƙo min tsamiyar can," in ji Uwa.

Kai, ba a taɓa alkaki irin wannan ba a Mandawari. Alkama ita ta je ta zaɓo da kanta, ta tsince ta ƙwaya-ƙwaya. Mai sabo fil. Har zuma ta zuba, abin da ba ta yi sai ga wanda take ƙauna. Duk naɗin da ta yi sai ta tuna "kowane lungu akwai Uwa", sai ta ƙara gyara shi ya yi kyau. Maƙwabta suna jin ƙamshi suna cewa Uwa akwai yafiya, ita kuwa tana jin su tana juya matsami.

Ana gobe za a kai kaya ta kira Ikram ta ce ta zo da wayarta mai kyau. Matar da ba ta taɓa yarda an ɗauki fuskarta ba sai don katin ɗan ƙasa, ta yi wanka ta sa atamfarta ta Sallah, ta zauna a gaban kasko ta kalli waya ido cikin ido.

"Ni ce Uwa mai alkaki ta Mandawari," ta ce. Ta ɗaga hannu. "Ga hannuna, ga zoben kakata. Akwai wani shafi da yake ɗauke da sunana da hoton hannun nan. Ba nawa ba ne. Wanda ya buɗe shi yaro ne da na ba 'yata, ya ci tuwon gidana, na saki labule don kunyarsa. Ya ce zai taimake ni, na kasa tambayarsa makulli. Duk wadda aka kai wa ruɓaɓɓen alkaki da sunana, ta yafe ni, ba ni na soya ba. Wanda yake bakinku yanzu shi ne nawa. Ku ci, ku bambanta."

Ba ta kama suna ba. Ina amfanin kamawa? Ikram ta ɗora bidiyon a fuskar sabon shafin, yadda da an buɗe shi za a fara gani. Sitikar da aka manna a robobin kuwa ga fuskar Uwa, ga adireshin shafi, ga ɗan zanen nan mai murabba'i da ake haskawa da waya ya kai mutum kai tsaye.

To ita gara ba a cinye ta a ɗaki. Rabawa ake yi. Dangin ango na kusa da na nesa, maƙwabta, abokan aikinsa, limamin unguwa, matan da suka yi wahalar biki, kowa sai an aika masa da rabonsa. Kuma dangin Mikail da kansu suka yi rabon, Maimuna ce ma a kan gaba, tana murna an kawo abu a ɗaure ba wahala. Ta dai ga fuskar da ke kan roba ta yi tsaki, ta ce tsohuwa ta koyi talla, ba ta haska ba. Yaran gidajen da aka kai wa ne suka haska. Kafin la'asar bidiyon ya gama zaga Gwammaja, ya shiga Koki, ya dawo Mandawari. Mata suna tauna alkaki suna kallo suna salati. A kasuwar waya, in Mikail ya wuce sai a bi shi da "ango, a ci a bambanta!" Da kuɗin surukansa, da hannun yayarsa, aka raba tonon asirinsa gida-gida.

Hajiya Zainab ta zo har gida ta zazzaga mata masifa, ta ce an ci amanarta, amarya tana can tana kuka, yarinyar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Gaskiya ta faɗa. Uwa ta san da amaryar tun kafin ta jiƙa alkama, kuma hakan bai hana ta ba. Ta ce, "Na gaya miki zan manna alamata." Zumuncinsu na tun ƙuruciya a nan ya tsaya, kuma Uwa ta ji zafinsa ƙwarai, amma ba ta yi da-na-sani ba. In aka matsa mata sai ta ce rama cuta ga macuci ibada ne.

Bayan 'yan kwanaki, da yamma, aka yi sallama a zaure. Mikail ne. Ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗaki inda ya saba, ya fuskanci labule, ya fara gaisuwa. Sai labulen ya yaye. Uwa ta fito ta tsaya a kansa, ta dube shi tsakiyar ido. Bai taɓa sanin haka idanunta suke ba.

"Mikail," ta ce.

Jin sunansa a bakinta ya fi masa mari zafi. Ya sunkuyar da kai. "Umma, na tuba. Zan ba ki shafin, da makullin, da komai. Ki taimake ni ki sauke bidiyon nan. Ba na iya shiga kasuwa. Gidan surukaina ba sa amsa gaisuwata."

"Ba na son shafinka, ina da nawa. Ka cire sunana da hannuna daga kai kafin a kira magariba."

"Wallahi yanzu zan cire." Ya zaro waya a nan durƙushe, ya goge komai, ya juyo mata da ita ta gani. Ta sa Bahijja ta duba a tata wayar. Babu shi. In ka nemi Alkakin Uwa Mandawari, fuskar Uwa kaɗai za ka gani.

"To bidiyon fa, Umma?"

Nana Khadija ce ta fito daga ɗaki tana dafa bango, tana tangaɗi, da guntun alkaki a hannu duk ta ɓata baki. Uwa ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

"Zan sauke," ta ce. "Ranar da yarinyar nan ta yi wayon da za ta gane abin da ake faɗa a ciki, ranar zan sauke, don kada ta ji wane ne ubanta daga bakina. Ba don kai ba. Kafin nan yana nan."

Mikail ya juya ya kalli 'yarsa. Ta yi masa dariya da haƙoranta biyu, ta miƙa masa alkakin. Ko "Baba" ba ta iya faɗa ba tukuna.

Uwa ta wuce shi ta koma gaban murhu, don man ya riga ya yi zafi, ga kuma oda tana jira.